An Wanke Kwamfutar Mai Hoto

Sufeto bai so fitowa ba. Ƙarar sata aka shigar, amma kwamfutar da ake magana a kai ga ta nan kan tebur a shagon hoto, a kunne, da hoton wata mata a fuskarta.

"Baba, me aka sace?"

"Cikinta," in ji mai hoto. Tsoho ne, sallamarsa daga asibiti ke nan, da filasta a bayan hannu. "Akwatin kawai ne nawa. Da walƙiya ce, yanzu hawainiya ta fi ta sauri. Kuma an share komai. Aikin mutane, zan ba su haƙuri. Amma hotunan marigayiya uwar 'ya'yana, tun na aurenmu, nan na zuba su kafin ruwa ya ci albom. Babu su ko'ina, sai wannan nata da ke fuskar kwamfutar."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya kwance murfin kwamfutar. Ƙura ta ko'ina, ban da babban allon ciki da masu gyara ke kira bod. Tsohon yayi ne, an goge shi tas, da 'yar sitika a gefe.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da babban ɗana. Shi ke riƙe min fitila in muna aiki."

Ɗan na tsaye bakin ƙofa, dogo, hannu a aljihu.

"Yallaɓai, ni jinyar Baba nake yi a asibiti. Ban taka shagon nan ba. Ƙila wuta ce ta buga ta."

"Wuta ta iya kwance kusa?" Sufeto ya ce.

Sitikar ta kai su shagon wani mai gyara a layin baya. Ya rantse bai taɓa ganin kwamfutar ba. Sufeto ya ajiye masa bod ɗin kan benci.

"Karanta min sunan shagon da ke jiki."

Mai gyara ya share gumi.

"To, an kawo. Aka ce in cire bod ɗinta mai ƙarfi in sa wannan. Da na sa ta ƙi tashi, sai shuɗiyar fuska. Windon cikinta, manhajar da ke tafiyar da ita, ya saba da wancan bod ɗin, dole aka ɗora sabo."

"Wa ya kawo?"

"Mai babur. A waya muka yi magana da mai ita."

Ƙarya ce, Sufeto ya sani. Ya sa Kofur ya taho da shi.

A hanya wani abu ya tsaya masa a rai. Sabon windo fanko yake zuwa. To wa ya mayar da hoton matar a fuskar kwamfutar, don tsoho ya zaci ba a taɓa ta ba? Da suka koma shagon hoto, ya nuna wa tsohon fuskar kwamfutar.

"Baba, dubi wannan hoton da kyau."

Mai hoto ya sa tabarau.

"Ni na ɗauka. Amma ba haka yake ba. Dubi idonta, ya dushe. Wannan ya bi ta waya, waya ta matse shi."

"Wa ka taɓa tura wa?"

Tsohon ya cire tabarau. Sufeto ya riga ya san amsar da ke tafe.

"Mutum ɗaya. Ranar da ya ce min yana kewarta."

Ɗan ya zare hannu daga aljihu.

"Bod ɗin na ɗakina," ya ce. "Na sa a tawa kwamfutar. Tun ina ɗan makaranta nake riƙe maka fitila, Baba. Na yi gemu ina riƙe fitila. Ko sau ɗaya ba ka bar ni na zauna kan kujerar nan ba. Nawa shagon nake so in buɗe. Na ɗauka ba za ka tashi daga gadon nan ba."

Kofur ya ja tsaki. Mai hoto ko kallon ɗan bai yi ba, mai gyara ya juya wa.

"Ɗana, ku masu sana'a ai kuna kwashe kayan mutum gefe kafin ku wanke. Ka kwashe?"

"Na tambaye shi, Baba. Na ce aikin yini guda ne. Ya ce ba shi da lokaci, in wanke kawai. Kuma ya yi ta loda bidiyon biki a kai, sun hau kan na da."

"Za a iya dawo da su?"

"Ko ɗaya."

Sufeto ya ɗan jira. Iyaye da yawa a nan suke cewa a bar maganar, a gida za a kashe ta.

"Baba, in kana son janyewa..."

"Ku tafi da shi."

Kofur ya saka wa ɗan ankwa. A bakin ƙofa ɗan ya waiwayo.

"Baba, uwata ce ni ma."

"Shi ya sa," in ji tsohon.