Injin Da Ba Ya Gangarowa

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Talata aka buga waya ofishin 'yan sanda cewa injin yankan ciyawa ya gangaro ya kashe Wisi Zurfluh a gangaren bayan gidansa.

Insfekta Imhof ya san Wisi. Duk mai saniya a kwarin nan ya san shi. Maƙeri ne da bai yi nisa a makaranta ba, amma shekara arba'in yana ƙera injunan da ke yanka ciyawa a wuraren da mutum sai ya sa takalmi mai ƙusoshi kafin ya iya tsayuwa. Yana da basira, yana da mugun baki. Mutuwarsa ba za ta sa in ɓoye na biyun ba.

Mota ta kai su inda hanya ta ƙare, Insfekta da Saje Epp, suka ƙarasa da ƙafa.

Gawar tana gefen wani faffaɗan dutse. Burodi da cuku sun watse cikin ciyawa, kofi ya zube. Can ƙasa, sabon injin jajir ya daki bishiya ya tsaya, tayoyinsa masu ƙusoshi suna kallon sama.

Maƙwabta sun taru da manjagara a hannu, ba don tausayi kaɗai ba.

"Birkin 'yarsa ne ya saki," in ji wani. "Ita ta zana shi. Mun faɗa, takarda ba ta san dutse ba."

Wani mutum mai shekara kamar arba'in da biyar ya matso, hannunsa na hagu cikin aljihu.

"Ni ne Meinrad, ɗansa. Ni na buga waya, Yallaɓai."

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Ina yanka a gonata, bayan wancan tudun. Na zo aron mai, na tarar da shi haka. Ya riga ya cika."

"Me ya zaunar da shi ƙarƙashin inji? Ko yaron goye a nan ya san ba a yin haka."

"Halin Baba ne. Kullum ƙarfe tara sai ya ajiye injin a sama, ya sauko wannan dutsen ya ci abinci, ya juya masa baya. Wai don duniya ta ga injinsa ba ya gangarowa."

"Ka taɓa sabon injin?"

"Ni? Ko kusa da shi ba a bari in je."

Insfekta ya ɗaga kai ya dubi gangaren. Layukan yankan Wisi suna kwance a gicciye, ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda kowa ke yi. Amma akwai layi guda da ya sauko tsaye, daga sama har dutsen, an yanke shi tsaf.

Ya daɗe yana kallon layin.

Regula, 'yar mamacin, tana zaune a maƙerar uban tsakanin takardun zane. Ba ta kuka. An riga an buga mata waya sau uku, mutane suna cewa ba sa son injin da suka sa a ƙera musu. Wata mata ta tofa yawu a bakin ƙofa.

"Ni na kashe shi, Yallaɓai," ta ce. "Rubuta haka kawai."

"Ni nake zaɓar abin da zan rubuta. Nuna mini yadda birkin yake aiki."

Ta miƙe da ƙyar, ta kai shi gaban wani inji irin wancan. A mariƙin hagu akwai ɗan ƙarfe kamar birkin keke.

"Wannan shi ne ƙarfen tsaro. Muddin ka matse shi, inji yana tafiya, wuƙa tana yanka. Ka sake shi, ko santsi ne ya kwashe ka, tayoyi su kulle."

"Wuƙar fa?"

"Ita ke fara tsayawa. Hanyarta daban da ta tayoyi. Ko birki ya lalace, wuƙa ba ta motsi sai an matse ƙarfen."

"To in birkinki ne ya saki, inji ya gangaro shi kaɗai, me zai yi wa ciyawa?"

"Zai kwantar da ita. Ya tattake ta."

"Ba zai yanka ba?"

"Ba zai yanka ba."

Sai ta zuba masa ido.

"Wa ya yi wa injin fenti?" ya tambaya.

"Baba, jiya da yamma. Na ce ya bari ya bushe, ya ce rana ba ta jiran fenti. An ce kwana uku kawai za a samu babu ruwa."

"Yana ɗaure ƙarfen tsaro?"

"Baba? Kowa a kwarin nan yana ɗaure nasa da igiya ko roba, don hannu yana gajiya. Shi kaɗai ne ba ya yi. Wuƙa yake yawo da ita a aljihu, in ya ga an ɗaure sai ya datse."

"Yaya suke da yayanki?"

"Lafiya lau," ta ce da sauri. "Ba su da matsala."

Ƙarya ce, Insfekta kuma ya gane. Mutanenmu sun gwammace a rataye su da a ji sirrin gidansu a waje, suna kiran wannan mutunci.

Da la'asar aka jawo injin da igiyar ƙarfe zuwa bakin hanya. Saje Epp ya gwada birkin sau biyar. Sau biyar tayoyin suna kullewa gam.

Insfekta ya tsuguna ya duba mariƙin hagu. Fentin ya ɗauki shaidar yatsun Wisi. A kan shaidar kuma akwai wani zobe mai faɗin yatsa biyu da ya zagaye ƙarfen da mariƙin tare, inda fenti ya ɗaye.

"An ɗaure shi," in ji Saje. "Amma ina abin ɗaurin, Yallaɓai? Mun kakkaɓe ciyawar nan kaf."

"Wanda ya ɗaura ya sauko ya kwance abinsa."

Wayar Insfekta ta yi ƙara. Likita ne.

"Tsohon nan ƙashinsa ƙarfe ne," in ji likitan. "Bai mutu nan take ba. Ya kai minti arba'in yana zubar da jini, kuma da hankalinsa. Da an kira jirgin sama na ceto da wuri, da yanzu yana asibiti yana zagin ma'aikata."

Gidan da ke fuskantar gangaren na wata tsohuwa ne, Trudi Herger. Ta zuba musu kofi ba tare da ta tambaye su ba.

"Inna, me kika gani da safe?"

"Ban ga komai ba, ɗan nan. Idona ya mutu."

"Amma kin hango motarmu tun daga gada, kin ɗora ruwa."

Ta harare shi. "Uwarka ma haka take da baki."

"To me kika ji?"

"Injuna goma suna kuka a kwarin, wa zai ji wani abu? Wisi kansa kurma ne, guduma ta cinye masa kunne. Ko jirgin ƙasa ne ya taho ta bayansa ba zai waiga ba."

"Ran Lahadi fa? An ce an yi taro."

Ta juya cokali a kofi, ta juya, sannan ta saki baki.

"Bayan an fito coci ya tara mutane ya nuna musu samfurin injin. Meinrad ya zo zai gwada. Ka ga hannunsa na hagu?"

"Yana ɓoye shi."

"Yatsu biyu suka rage. Yana ɗan shekara goma sha tara uban ya sa shi gwajin wani inji a wannan gangaren, ya kife da shi. Daga nan Wisi ya fara tunanin ƙarfen tsaro. Ka ji rashin imani: hannun yaron ne ya koya masa darasin, amma ya sa aka ɗora ƙarfen a hagu, da tauri, inda yaron ba zai iya matsawa ba. Regula ta roƙe shi a mayar dama, ya ce ba a ƙera inji don mutum ɗaya."

"Sai me ya faru ran Lahadin?"

"Meinrad ya ciro robarsa zai ɗaure. Uban ya fizge, ya datse ta biyu a gaban kowa, har da fadan coci. Ya ce, 'Injina na masu hannu ne. Kai je ka riƙe manjagara tare da tsofaffi.' Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini."

"Robar fa?"

"Ya sunkuya ya tsince guntayen ya sa a aljihu. Ɗan gidan Zurfluh ne, ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba sa yarwa."

Washegari da safe gawar uban tana ɗakin ajiyar asibiti, Meinrad yana gonarsa yana yanka. Babu wanda ya ga laifinsa. A nan ciyawa ita ce abincin shanu na wata shida na hunturu, ba a barin ranar yanka don mutuwa. Regula tana bayansa da manjagara, kanta a sunkuye, don babu inda za ta je a dube ta da idon rahama.

Insfekta ya ɗaga masa hannu. Meinrad ya juya injin a gicciye, ya kashe.

"Sannu da aiki. Injin ubanka ne wannan?"

"Tsohon samfuri ne, Yallaɓai."

"Yana da ƙarfen tsaro?"

"Duk suna da shi."

"Da wane hannu kake matsawa?"

Meinrad ya ɗan gusa don ya kare mariƙin da jikinsa.

"Matsa gefe."

A mariƙin hagu an ɗaure ƙarfen da baƙar robar cikin tayar keke. A tsakiyarta akwai ƙulli, inda aka haɗa guntaye biyu. Insfekta ya kwance ta a hankali, ya juya cikinta. Jan fenti ne shafe daga wannan baki zuwa wancan.

Injin Meinrad kore ne.

"Jiya ka ce mini ko kusa da sabon injin ba ka zuwa."

"Fenti ai ko'ina akwai shi."

"Za a auna a gani. Za a kuma auna ƙusoshin takalminka da sawun da ya sauko gefen layin nan, ya wuce dutsen, ya nufi bishiya. Sawun bai tsaya wurin ubanka ba sai a dawowa."

Manjagara ta faɗi daga hannun Regula.

"Yaya," ta ce. "Jiya a gabanka na ce ni na kashe shi. Ka dafa kafaɗata. Ka ce in yi haƙuri, kuskure ne."

"Ke ai kin saba a yafe miki," ya ce, bai dube ta ba.

Ya zauna a kan ciyawar da ya yanka. Ya fito da hannun hagun ya ɗora a gwiwa, karo na farko a gaban baƙi.

"Na ɗaure, na saita, na saki," ya ce. "Ina so sau ɗaya ya ga injinsa ya gangaro. A gaban mutanen da suka yi dariya."

"Minti arba'in yana raye. Waya tana aljihunka."

"Na ciro ta, Yallaɓai. Wallahi na ciro. Da na kwance robar na hawo wurinsa, na durƙusa, na ce, 'Baba, ni ne.' Na zaci zai tsine mini. Ko ya tambaye ni dalili. Shekara ashirin da shida ina jiran ya tambaye ni wani abu."

"Me ya ce?"

"Ya dubi robar a hannuna. Sai ya yi murmushi, jini a haƙoransa. Ya ce, 'Yauwa. Na san ba laifin injin ba ne.'"

Can ƙetaren kwarin injunan maƙwabta suna ta kuka.

"Sai na mayar da wayar aljihu," in ji Meinrad. "Na zauna a kan dutsen. Na jira."

Wisi mugun uba ne, wannan gaskiya ce, kuma kwarin nan duka ya taya shi da dariya. Amma wanda ya zauna yana kallon jinin ubansa yana ƙarewa, ya tashi ya ɗora gawar a wuyan ƙanwarsa, ba shi da abin da zai gaya wa kowa game da mugunta.

Saje Epp ya ciro ankwa. Ta hagu ta zame daga hannun mai yatsu biyu, sai da ya matse ta har ƙarshe.

Suka fara sauka. Meinrad ya tsaya ya dubi sama, inda gajimare ya fara taruwa a bayan duwatsu, sannan ya dubi ciyawarsa a shimfiɗe.

"Regula, gobe da rana za a yi ruwa. Ki kwashe ta yau."

Ta dubi ciyawar. Ta dubi manjagarar da ke ƙasa. Ta tsallake ta, ta bi hanyar maƙera.

Ruwan ya zo ran Alhamis, kamar yadda ya faɗa. Ciyawar ta ruɓe a inda take, babu maƙwabcin da ya taɓa ta. Ran Juma'a mutum uku suka buga waya maƙera, suka ce sun sake shawara, suna son injin.