Ba Wanda Ya Ja Kunamar

Shekara shida ina jan babbar mota a arewa, ban taɓa kwana uku a gari ɗaya ba. Ko jana'izar ƙanena Fidel ban samu ba, labarin ya riske ni a hanya an riga an binne shi. Sai da Marisela, autarmu, ta kira ta ce, "Yaya Rigo, ka zo, gidan nan ba lafiya," sannan na juyo kudancin Texas, a ƙarshen Oktoba.

Na iso da la'asar sakaliya. Baba na zaune a baranda, ƙaramar bindigarsa a ƙugu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ashe ka san hanya."

"A gidan mai na tambaya, Baba."

Marisela ta leƙo daga kicin. "Dubi wuya kamar na zakara! Can ba sa dafa wake ne?"

Saura kwana uku ranar tuna matattu, ta riga ta shirya teburinsu a falo: furanni ruwan ɗorawa, kyandir, burodi mai sukari, hoton Mama, hoton Kaka. Na duba, na sake dubawa. Babu Fidel.

"Baba ne ya hana," ta ce ƙasa-ƙasa. "Wai wanda ya kashe kansa ba a kunna masa kyandir."

Wata takwas ke nan. Da safiyar ranar Fidel ya yi cacar baki da Baba, yana son ya biyo ni arewa. Da magariba aka ji ƙara a kicin. Aka tarar da shi kwance, harsashi ya shiga ta ƙarƙashin haɓa ya fita ya huda silin, bindigar Baba a gefensa. A kan firji Baba yake ajiye ta, harsashi a baki, don a cewarsa ɓarawo ba ya jira ka ɗana. Marisela ta rantse kwandon gurasa ta aike shi ya sauko mata da shi. Baba ya ce, "Shekara arba'in ina riƙe da bindiga. Ba ta tashi sai an ja kunama." 'Yan sanda ma haka suka rubuta, suka mayar masa da abarsa.

Muna cin abinci rana ta faɗi. Karnukan maƙwabta suka yi tsit gaba ɗaya. Sai dutse ya sauka a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali. Na biyu. Na uku. Na fita na zagaya gidan, babu kowa, babu ko iska. Ina dawowa kwandon gurasa ya faɗo daga kan firji, alhali ba wanda ke kusa da shi.

Marisela ta miƙe. Ta taka zuwa gaban firjin, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta miƙa hannu sama tana laluba. Idonta a buɗe, amma ba ta ganinmu. Na riƙo kafaɗarta, jikinta sanyi ƙalau kamar an ciro ta daga rijiya. Haka ta tsaya har duhu ya rufe taga, sannan ta zube.

"Kullum ne," in ji Baba, bai ɗago kai daga faranti ba. "Gajiya ce."

Washegari ta fi daɗewa a tsaye. Rana ta uku ko ruwa ya ƙi wuce maƙogwaronta, ta ce mini duk ta farfaɗo sai ta ji ta ƙara nisa da jikinta. Ban nemi izinin kowa ba, na ɗauko Doña Herminia, tsohuwar da ke yi wa garinmu magani tun kafin a haife ni.

Ta shigo da jakarta ana gab da magariba. "Eusebio," ta ce wa Baba, "cire ƙarfen nan ka ajiye, ba yaƙi na zo ba. Kai kuma ɗan yawo, riƙe ƙanwarka."

Ta kunna turare. Ta shafe Marisela da ɗanyen ƙwai daga ka har tafin ƙafa tana addu'a, ta fasa shi a kofin ruwa. Ƙwan ya nutse baƙi ƙirin. Duwatsu suka fara sauka a rufi kamar ƙanƙara, sannan suka tsaya cak.

"Wane ne a jikin yarinyar nan?"

Bakin Marisela ya buɗe, murya ta fito, ta namiji, mai kauri, a gajiye.

"Mai gida ne. Na riga su zama a nan. A cikin silin nake, ni da 'yata."

"Me suka yi maka?"

"'Yata tana son ɗumin da ke tashi daga firji, nan saman take kwanciya. Harsashin da ya ratsa ɗan tsohon nan, a ƙirjinta ya tsaya." Muryar ta karye. "An ɗauke mini 'ya. Zan ɗauki 'ya."

Doña Herminia ba ta ko ƙifta ido ba. "Yarinyar nan ba ta harbi kowa ba. Wanda ya ja kunamar yana kabari."

"Ba wanda ya ja kunamar. Ina kallo. Yaron ya yi ɗage, ya jawo kwando, kwando ya jawo ƙarfen. Ya daki ƙasa da ƙeya, ya tashi. Waƙa ma yaron yake yi."

"Ƙarya ne," in ji Baba. Amma da ƙyar na ji shi.

"To ya ɗaga dardumar."

A gaban firjin akwai 'yar darduma da ban san ta ba a da. Baba bai motsa ba. Ni na sunkuya na yaye ta. Tayil ɗaya ya fashe, da ɗan rami a tsakiya, daidai faɗin ƙeyar bindiga.

"A ranar ya gani," in ji muryar. "Kafin masu kaki su iso ya rufe."

Na dubi Baba. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da Mama ta rasu, ya dafa bango yana sulalewa ƙasa.

Doña Herminia ta ce, "Ka ji ni, bawan Allah. In ka tafi da ita, taka ba za ta dawo ba. Faɗi abin da za ka karɓa, ban da rai."

Sai muryar ta amsa.

"Wata takwas ina kuka ni kaɗai, uban yaron yana cin abinci. Ya faɗa da bakinsa. Ƙarfen ya bar gidan nan. Kuma a kunna wa 'yata wuta, kamar yadda kuke kunna wa naku."

Baba ya rarrafo ya kama ƙafafun Marisela. "Ni ne. Ni na ɗora ta can da harsashi a baki. Fidel bai kashe kansa ba. Na ga tayil ɗin, na kasa... na gwammace a ce shi ne." Ya kifa goshi a ƙasa. "Ɗana, ka yafe mini. Kai ma, mai gida, ka yafe mini. Ka bar mini wannan."

Marisela ta yi atishawa sau uku, ta yi laushi a hannuna. Can ta buɗe ido ta ce, "Yaya, ƙishirwa." A waje karnuka suka soma haushi.

Da safe na zare harsasan, na kai bindigar wurin wani mai walda ya yanka ta gida uku. Da na dawo, na tarar Baba ya ciro hoton Fidel daga ƙasan akwatinsa, yana goge gilashin da gefen riga. Ya ajiye shi kusa da Mama, ya kunna kyandir. Sannan ya ɗauko wani kyandir ƙarami, ya kafa shi a gefe, inda babu hoto.

Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo ya dubi Marisela.

"Bai faɗi sunan 'yar tasa ba ko?"