Tsaga a Hoton Cikin Mijinta

"Ba ke za ki ɗauki hoton nan ba, mijinki ne fa," in ji Likita.

"To wa zai ɗauka, Likita? Abokiyar aikina tana hutun haihuwa... ni kaɗai ce a kan na'urar."

Ya ƙyale ta. Shekara shida tana aikin ɗaukar hoton cikin jiki a asibitin, ba ta taɓa ɗaukar wani nata ba sai yau da aka turo mijinta, ya dunƙule a kan gado, zufa ta jiƙe masa riga sharkaf.

Kwana uku yana kukan ciwon ciki. Ita kuwa, tinƙaho da aikin asibiti ya sa ta yanke hukunci tun daga kicin, wai gyambon ciki ne. Ta zaro masa magani daga jakarta, har da tsiya, wai raki ya yi masa yawa.

Ta sa masa allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. "Za ka ji ɗumi ya bi jikinka, kada ka tsorata, masoyina."

"Ke ce dai a tsorace, Gimbiya."

Ta koma bayan gilashi, ta danna lasifika. "Ja numfashi... riƙe."

Hotunan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Jijiyar da ke kai wa hanji jini ya kamata ta fito fara tas. Sai ga wani siririn layi baƙi ya raba ta biyu. Bangonta ya tsage, jini ya kutsa cikin tsagar ya matse hanya. Ta sandare a kujera.

"Ce masa ya saki numfashi mana," Likita ya faɗa a hankali, yana kiran ɗakin tiyata.

A ƙa'idar aikinsu, mai ɗaukar hoto ba ta faɗa wa majiyyaci sakamako. Amma da ta fito, kallo ɗaya mijin ya yi wa fuskarta ya gane.

"Abin babba ne ko?"

"Likita zai yi maka bayani."

"To... ki zauna kusa da Mama, kin ji."

Aka wuce da shi a guje. Surukarta na zaune a benci bakin ƙofar ɗakin tiyata. Ta zube a gabanta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Mama, ni na hana shi zuwa asibiti. Kwana uku jijiya na tsagewa a cikinsa, ni ina yi masa dariya..."

"Zai tashi?"

"Wallahi ban sani ba, Mama."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙofar da aka rufe. Can ta kamo hannunta.

"Shekaranjiya ya roƙe ni in rako shi nan, na ce ya saurari matarsa. Tashi daga ƙasa, 'yar nan, ki zauna. Ba zan iya wannan jiran ni kaɗai ba."