Saurayin Da Ke Tuƙa Tuwo

Rahamatu na tsakar gida tana tsintar shinkafa sai ga Gwaggo Tamada, yayar babanta, ta faɗo ko sallamar kirki babu. Daga suna a garin Wara ta dawo, gyalenta duk ƙarnin kifin jirgin ruwa.

"Yusha'u, hito ka ji abin kunya. Yaron ga Sahabi da kab ba ɗiyarka, an gan shi durƙushe gaban murhu yana tuƙa tuwo. Da muciya, awa mace."

Baba ya fito yana gyara hula. "Ticha guda? Wanda ya yi kwaleji a Sakkwato?"

"Shi hwa. Kowa ya sani Wara."

Inna ta ce, "Alhaji, da dai an bincika..."

"Babu wani bincike. In haɗa zuri'a da ɗan daudu, 'yan kasuwar albasa su riƙa nuna ni da baki? Yaya, ranar kasuwa ki mayar musu da kayan gaisuwarsu."

Faifan ya suɓuce daga hannun Rahamatu, kaji suka yi ca a kan shinkafar. Ta shige ɗaki ta kifa kai a cinyar Inna tana kuka.

"Inna, wallahi ba abin da suke zato ba ne. Na san dalili, ya faɗa mini. Ki bar ni in yi wa Baba bayani."

"Kul. Ɗiya ba ta zama lauyan saurayi a gaban ubanta, ƙara ɓata shi za ki yi. Yi haƙuri ki bar wa Allah."

Haka ta yi shiru, tana girki tana share hawaye tana ɗora wa hayaƙi laifi.

Ranar kasuwa Gwaggo ta ɗauki kaya ta shiga jirgin Wara. Da la'asar sai ga ta ta dawo gida Yelwa da kayan a kanta yadda ta tafi da su. Rahamatu ta laɓe a bayan labule.

"Yaya, lafiya? Ba ki same su ba?"

"Na iske su." Ta sauke kayan ta zauna tana fifita da gyale. "Ka san ba a buɗe magana baƙo bai ci abinci ba. Anka kawo tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa. Nic ce in ɗan taɓa don kara. Yusha'u, sai ganin gindin akushi niy yi. Anka ƙaro, nit tashi da shi. Nic ce wa uwar yaron, wace ɗiya ta da wanga hannu? Sai ta janye zane ta nuna min hannunta na dama, a shanye, ko ludayi ba ya ɗauka."

Gwaggo ta sassauta murya, ta koma ta tsohuwar sak. "'Sahabi na. Allah bai ba ni ɗiya mace ba, duk maza na haihwa. Tun suna ƙanana nika zaunar da su gaban murhu, maƙwabta na yi min dariya. Yau ga ni kwance, ban taɓa aika kwano gidan kowa ba.'"

Ta goge ido da bakin zane. "To da wane baki zan ce ga kayanku? Da wanda ke maiƙon miyarsu?"

 Baba ya dubi Inna.

"In ke da Rahamatu kuka kwanta ciwo yau, wa zai hura wuta a gidan nan?"

"Sai dai gari da ƙuli, Alhaji. Naka mazan ko ruwan zafi aka sa su sai sun ƙona."

Bai yi dariya ba. "A shigar da kayan ɗaki. Bayan girbin shinkafa a ɗaura."

Rahamatu ta zame ƙasa a bayan labule, tana kuka tana murmushi.

Washegari Inna ta tara ƙannen Rahamatu maza a madafa, ta ba wannan yankan albasa, wancan wankin kifi, suna ta kumbure-kumbure. Baba ya zo wucewa, ya tsaya, ya ce a rage wa tukunyar wuta.

Haƙurin Rahamatu ya kai ta ɗakin wanda take so. Iyaye kuma a lura, girki ba abin kunya ba ne ga ɗa namiji ko mace. Hannun da kika koya wa muciya yau, shi zai ciyar da ke ranar da naki ya gaza.