Sawun Taya a Kan Kabari

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Tak Mansu ya shigo gida yana tura sabon kekensa, shi da ya fita da hantsi a kansa yana fito. Matarsa Gilja tana tsakar gida tana rufe tulunan miyar waken da ake bari ta tsumu. Ta dubi gwiwar wandonsa da ta yage, ta dubi jar ƙasar da ta cike tayar gaba. Keken nan dai an riga an sha rigima a kansa. Na hawan tsauni ne mai batir, irin wanda kana taɓa feda sai ya ingiza ka gaba, kuma Mansu, mai gyaran famfo da ya ba hamsin baya, bai saye shi don komai ba sai don abokansa sun saya. Da safe Gilja ta fito da giyar shinkafa za ta zuba wa tayoyin, yadda ake yi wa sabon abin hawa, ya yi mata dariya ya ce ai ba mota ba ce.

"Baban Dasom, faɗuwa ka yi?"

"Santsi ne kawai. Zuba mini abinci."

Suka zauna a ƙasa suka kewaye gajeren tebur, su uku da 'yarsu Dasom, ita kaɗai suka haifa. Budurwa ce mai surutu, tana tsokanar ubanta wai matsattsen wandon keken ya mai da shi kwaɗo. Ba ta rufe baki ba dutse ya faɗo a kan rufin. Suka ɗaga kai sama. Na biyu ya sauka a tsakar gida ya fasa tulu ɗaya, miyar da Gilja ta shekara tana tattali ta malale. Mansu ya fita yana zagin yaran unguwa, amma babu kowa, bayan gidan kuma tsauni ne kawai yana ƙara duhu. Ya ɗauki dutsen ya ji shi da sanyi, jiƙe da jar ƙasa.

Da ya koma ɗaki Dasom ta ajiye cokali, ta dafe ƙirji da hannu biyu. Ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe.

"Wa ya taka ni?"

Abin da Mansu bai faɗa ba shi ne wannan. Ya bar kwalta ya kama 'yar hanyar daji, ya danna keken a mafi ƙarfinsa don ya ji daɗin kuɗinsa. A wata kwana ya taka feda, keken ya zabura ya ƙwace masa, ya bar hanya ya kutsa cikin ciyayi, ya haye wani tudu. Tayar baya ta yi ta juyawa tana tonon ƙasa kafin ta watsar da shi gefe. Da ya tashi sai ya ga tudun a zagaye yake, yana fuskantar kudu. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da zagayayyen tudu a gefen tsauni yake nufi. Kabari ne, babu dutsen suna, ciyawa da ƙaya sun cinye shi, ga sawun tayarsa ya tsaga shi gida biyu. Ko rusunawa Mansu bai yi ba. Ya waiga ko wani ya gan shi, ya duba ko fentin keken ya karce, ya kamo hanyar gida.

Tun daga ranar gidan ya daina zama gida. Da zarar inuwar tsauni ta rufe tsakar gida sai jifa ta fara. Dasom ta daina magana da muryarta, ta daina cin komai sai shinkafa mai sanyi. Takan zauna fuskarta ga tsauni, bayanta a tanƙware, tana nishi. An kai ta asibitin birni, aka ɗauki hoton ƙirjinta da kanta, aka ce lafiyarta lau. Yarinya kuwa tana ramewa a gaban idonsu, kuma abin tausayi, wani lokaci takan ɗago ta ce "Mama" da muryarta ta gaskiya, kafin a amsa har ta sake nutsewa.

Gilja ce ta tsare mijinta a bakin rumfar da ya ɓoye keken. Da ya gama ba ta labari sai ta ce:

"Ka tsaga kabarin mutum, ka dawo ka ce in zuba maka abinci? Kai wane irin mutum ne?"

Washegari ta je ta ɗauko tsohuwa Bang, wadda ake kira idan abu ya fi ƙarfin likita. Ta zo da la'asar da ƙararrawarta da mafici, 'yar ƙarama, ba ta gai da kowa ba. Ta sa aka jera tebur da shinkafa da busasshen kifi da giya, ta zaunar da Dasom a gabansa, sannan ta nuna Mansu da mafici.

"Kai, durƙusa can. Duk abin da mai kabarin ta tambaya ni zan amsa. Ka yi ta'adi isasshe, kada in ji bakinka."

Ta fara kaɗa ƙararrawa a hankali, tana kira. Aka daɗe. Iska ta tsaya, ko kare ba ya haushi a unguwar. Can Dasom ta ɗago kai, fuskarta ta yamutse.

"Iya, daga wane gida kike?" in ji tsohuwa Bang.

"Gida? Ina da gida ne? Na haifi maza uku, duk sun tafi birni. Sun zo yankan ciyawa shekara biyu suka gaji. Ina kwance abina ba na damun kowa, ƙaya tana shiga haƙarƙarina, sai wannan ƙaton ya zo ya bi ta kaina da ƙarfe."

"Ya yi laifi, Iya. Za a gyara tudun, a shimfiɗa sabuwar ciyawa, a kawo miki abinci. Ki saki yarinya."

"Abincin rana ɗaya? A'a. Yarinyar nan da ɗumi. Ni a nan zan zauna."

Gilja ta toshe bakinta da hannu. Tsohuwa Bang ta matso, ta sassauta murya, ta yi ta ciniki da ita kamar mai sayen kabeji. A ƙarshe ta ce mutumin da ya taka ta shi zai zama ɗanta. Kowace shekara kafin bikin girbi zai hau da lauje ya yanke mata ciyawa, ya zuba mata giya, ya rusuna sau biyu yadda ɗa yake yi wa uwa. Tsohuwar da ke jikin Dasom ta juya maganar a ranta. Kafaɗun yarinyar suka fara saki. Sai muryar ta sake dawowa, ƙasa-ƙasa.

"In ya mutu fa? 'Ya'yana ma haka suka ce."

Tsohuwa Bang ta kaɗa ƙararrawa da ƙarfi don ta danne tambayar. Amma numfashin Dasom ya tsaya cak, idanunta suka kafe, leɓɓanta suka fara duhu. Mansu ya kasa daurewa. Ya buga goshi a ƙasa yana kuka.

"Ba za a daina zuwa ba, Iya! Ko bayan raina na gidana zai zo! Na yi alkawari!"

Fuskar ta juyo gare shi, ta yi murmushin da babu haƙora a cikinsa.

"To, na ji, ɗana."

Dasom ta sulale ƙasa, ta ja dogon numfashi, ta fashe da kuka da muryarta. Uwarta ta rungume ta. Tsohuwa Bang kuwa ta naɗe kayanta rai a ɓace, sai a bakin ƙofa ta tsaya.

"Na yi niyyar abin ya ƙare a kanka. 'Ya'ya nawa gare ka, da kake yi mata alkawarin na gidanka?"

Jifa ta tsaya. Mansu ya gyara kabarin shi kaɗai, ya sayar da keken. Dasom ta murmure, surutunta ya dawo, ba ta tuna komai ba, su ma ba su gaya mata ba.

Da bikin girbi ya matso, Mansu ya tashi da sassafe ya ɗauki lauje a ɓoye. A bakin ƙofa ya tarar da Dasom tsaye, ta ɗaura ɗankwali, kwalbar giya a hannunta. Ya ce ta koma ciki. Ta ce kawai dai ta ji tana son rakiya ne, Baba, ta wuce gaba. Ya bi ta a baya. Da suka kai kwanar da babu wata alama, inda shi kansa sai ya yi lalube, Dasom ba ta tsaya ba, ba ta tambaye shi ba. Ta bar hanya, ta ratsa ciyayi, ta miƙe kai tsaye zuwa kabarin.