Layin Buhuna a Injin Mamman

Zulaihat na taya Inna Saude shanya turararriyar shinkafa aka ce Uwais na sallama a soro. Shekara biyu yana neman aurenta, amma mahaifinta Malam Surajo ya kafe, ba zai sa rana ba sai yaron ya mallaki sana'ar kansa.

"Albishirinki! Mamman zai sayar da injinsa na casar shinkafa. Babanki ya ce in na saya a satin nan za a sa mana rana. Kin ga layin buhuna kuwa? Kwastoma har titi!"

Ta koma ciki ta damƙo shinkafa ta zuba masa a hannu.

"Yaya Uwais, casar injin Mamman ke nan, rabi tsaki. Lokacin kaka ne ya tara masa layin. Su Inna ba sa zuwa wurinsa sai sauran injinan Tudun Wada sun cika. Ka bari kaka ta wuce."

"Wato auren ne ba kya so?"

Ya fice ko sallama babu. Da maganar ta kai kunnen Malam Surajo kuwa, gidan ya ɗau zafi.

"Ke za ki koya wa maza ciniki? To ku zauna, na janye maganar rana."

Inna ma ta ce ta kashe aurenta da bakinta. Zulaihat ta sha kuka har ta rame, ga Uwais ya daina ɗaga waya. Sai dai gogan bai sayi injin ba, shinkafar nan ta tsaya masa a rai.

Wata huɗu suka wuce a haka. Da bazara ta shigo, awaki ne ke kwance a ƙofar injin Mamman. Da ƙafarsa Mamman ya nemo Uwais ya karya farashi. Uwais ya saya, ya ɗauko makanike daga Kano aka sake ƙarafan da ke karya ƙwayar, sannan ya kai wa Malam Surajo casar farko.

Tsohon ya daɗe yana juya ƙwayar a tafin hannu, ba ko ɗaya da ta karye. Ya sa aka kira 'yarsa.

"Uwata, ni na yi gaggawa. Da ya bi tawa, da yau ba sana'a ba aure. Bayan Ƙaramar Salla za a ɗaura."

Zulaihat ta durƙusa tana hawaye. Haƙuri ya yi mata rana, don wadda ke sonka da gaskiya za ta yarda ka yi fushi da ita, amma ba za ta bari ka faɗa rami tana kallo ba.