Gwiwar Mama da Katifar Baba

"Rabin gwiwar za a canja mini, na gama magana!" in ji Mama, tana dafa bango ta shiga ɗaki.

Auta ta bi ta kamar za ta yi kuka. Tun daga asibiti suke wannan ja-in-ja. Likita ya yi bayani dalla-dalla: idan gefe ɗaya na gwiwa ne ya cinye, sai a canja wannan gefen kawai, a warke da wuri, ƙafa ta riƙa lanƙwasuwa sosai. To amosanin Mama ya ci ciki da waje, sai dai a canja gwiwar gaba ɗaya. Ciwo zai tafi, amma durƙuso zai yi wuya.

"Haba Mamana! Rabin nan ba zai raba ki da ciwo ba fa!"

"To wa zai durƙusa wa babanku?"

Nan gizo ke saƙar. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ya taɓa faɗowa daga gado, ya rantse shi da gado har abada. Katifarsa a ƙasa take. A kan gwiwar nan Mama take ba shi abinci, ta goge shi, ta juya shi, ko tsaki babu. Kai, Mama mace ce!

"Ni zan yi," Auta ta ce. "A ɗaga bikina... zan ba angon haƙuri, yana sona, zai jira."

"Ke tafi can! Mijina ne ko naki?"

Sai suka ji gyaran murya. Ashe Baba idonsa biyu. Mama ta cije leɓe ta fara sauka ƙasa a hankali, gwiwar na ƙara. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tare ta.

"Tsaya... a tsaye."

Magana na yi masa nauyi, sai da ya huta. Ya daɗe yana kallon gadon.

"Auta, kira yayanki... ku ɗora ni."

"Ba ka jin tsoro?" Mama ta tambaya, hawaye na zuba.

"Ina ji mana," ya ce, yana murmushi da rabin baki. "Amma kin sauko mini ya isa haka, abar ƙaunata. Yau ni zan hau."